Injin iska a gidan gona: me za a yi masa idan hadari ya taso daga gabas?

Nura Daura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin. Ina da gidan kaji a bayan gari, hanyar Zango, da sola nake amfani. Da rana lafiya lau, amma kafin asuba batir ya yi ƙasa, fitilun kaji su mutu. Wurin kuwa fili ne fetal, iska ba ta cika yankewa ba, balle lokacin sanyi. An nuna mini wani ƙaramin injin iska, irin fankar da iska ke juyawa ta ba da wuta, mai fukafukai biyar, an rubuta wat 1000 a kwalinsa, faɗinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Niyyata in ɗaure shi bisa rufin ɗakin ajiya. Abin da ke ba ni tsoro iskar farkon damina, wadda ke yaye kwano ta karya bedi. Yaya ake yi da irin wannan injin idan ta taso?

Aminu Mai Sola:
Wa alaikumus salam. Yaya Nura, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kuɗin nan ka ƙara batir da fanel biyu, ka kwanta ka yi barcinka. Fanel mai wat 300 a ranar Katsina yana ba ka sama da yunit ɗaya na wuta kullum, ba boris, ba giris, ba abin da ke juyawa bisa kan mutane.

Injiniya Bishir:
Aminu bai yi ƙarya ba, amma a bari mu yi lissafi tukuna, don Malam Nura ya yanke hukunci da idonsa buɗe.

Abu biyu ne ke kawo wuta a injin iska: faɗin da'irar da fukafukai ke sharewa, da gudun iska. Idan ka ninka faɗin fankar sau biyu, wutar ta ninka sau huɗu. Idan kuwa gudun iska ne ya ninka sau biyu, wutar sau takwas take ninkawa. Wannan na biyun ku riƙe shi, don duk maganar hadari a kansa za ta dawo.

Mu ɗauki wanda aka nuna maka, a ce faɗinsa mita 1.2. Iska mai gudun mita 5 a sakan, wato irin wadda ke kaɗa ƙananan rassa ta ɗaga leda, duk ƙarfin da ke cikinta a wannan faɗin bai kai wat 80 ba. Kuma ba injin da ke kwashe ƙarfin iska duka. Tun 1919 wani Bajamushe, Albert Betz, ya nuna cewa iyakar abin da za a iya samu kashi 59 ne cikin ɗari, ƙananan injina kuwa in sun ba ka kashi 30 sun yi ƙoƙari. Ka ga wat 20 zuwa 25 ke nan zai shiga batirinka. Ko a iska mai mita 12 a sakan, wadda da ita aka saba auna ƙarfin irin waɗannan injina, duk abin da ke cikin iskar bai fi wat 1100 ba, to ta ina 1000 za ta fito? Idan za ka sayi injin iska, auna fukafukai da tef, rubutun kwali ba ya cajin batir.

Fanka mai faɗin mita 2 a wannan iska ta mita 5 za ta ba ka wat 60 da wani abu. Kaɗan ne a ido, amma in ta kwana tana juyawa, a lokacin da sola ke barci take aiki. Nan amfaninta yake.

Nura Daura:
Ikon Allah. Injiniya na gode. To maganar rufi fa?

Lawal Mai Walda:
Rufi kam a'a, Alhaji. Na roƙe ka. Injin nan girgiza yake yi dare da rana, girgizar ta bi ƙarfe ta shiga gini, ƙusoshin kwano su riƙa sakin jiki a hankali, ranar da babbar iska ta zo sai ta tarar an riga an yi mata rabin aiki. Na taɓa zuwa gyara wani gida a nan cikin Katsina inda aka kafa bututun a kusurwar katanga ta bulo. Tsagewar ta biyo tun daga inda aka ɗaure har ƙasa, kana iya zura yatsa ciki. Ban da haka, iskar da ta bugi gini ta hau sama ba miƙaƙƙiya ba ce, murɗawa take yi, sai ka ga injin yana ta waige-waige, ba wuta sai cin boris.

A ƙasa ake kafa shi, a dogon bututun ƙarfe mai kauri, da wayoyi masu riƙe shi ta kusurwa huɗu. Ƙa'idar da masu aikin suka daɗe da ita: fankar ta ɗara duk wani gini ko itace da ke kusa, cikin tazarar mita 150, da kamar mita 9. Ga wanda ke Rafindadi ko Ƙofar Soro, tsakiyar gidaje da bedi, wannan ba mai yiwuwa ba ne, shawarar Aminu ita ce tasa. Gidan gona a fili kuwa wata magana ce daban.

Usman Ɗalibi:
Baba Lawal, don Allah tambaya. Mu a makaranta mun so mu haɗa namu da altanetar mota da fukafukan da za mu yanka daga bututun roba na ruwa. Zai yi?

Lawal Mai Walda:
Ɗana, don koyo zai yi, a ƙasa-ƙasa inda ba kowa. Altanetar mota sai ta yi juyi sama da dubu a minti kafin ta fara caji, kuma ita kanta tana shan wuta kafin ta ba da wuta. Bututun roba kuwa rana ke cinye shi. Bazara ɗaya ta Katsina ta ishe shi ya bushe ya yi gautsi, iskar farko ta ɓalle shi. Waɗanda ake haɗawa da hannu masu ƙarko, irin tsarin da Hugh Piggott na ƙasar Sikotilan ya yaɗa, fukafukai uku ne na katako da aka sassaƙa, da faifan ƙarfe masu ɗauke da maganaɗisu, a tsakiya koyil da aka naɗa da hannu, maganaɗisu 12 ga koyil 9, duk a bisa boris ɗin ƙafar mota. Irin wannan tun yana juyi wajen ɗari biyu a minti yake fara caji. Kafinta da mai naɗin koyil da mai walda in suka haɗu za su yi shi a garin nan, maganaɗisun ne kawai sai an yi oda.

Baba Isiyaku Rimi:
Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, manomi ne, amma ga manyan fankoki nan a Lambar Rimi muna kallonsu shekara da shekaru. Guda 37 ne. Tun Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna aka faro maganar, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa, aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, har da sace Baturen Faransa da aka yi nan Rimi a ƙarshen 2012. Abin da nake so ku lura da shi, su ma da wayoyi aka ɗaɗɗaure su, kuma an yi su yadda za a iya kwantar da su ƙasa. In masu wannan dukiya sun yi tanadin kwantarwa, mai ƙaramin inji mi zai hana shi?

Injiniya Bishir:
Ranka ya daɗe Baba, ka taɓo wurin. Na kamfanin Vergnet ne na Faransa, kowane kilowat 275, jimla megawat 10, tsayin bututunsu mita 55, fukafukai biyu. An tsara su ne musamman don tsibirai masu fama da mahaukaciyar guguwar teku, shi ya sa ake iya sauke su.

Sai dai akwai bambanci tsakaninmu da su. Guguwar teku ana ganin tahowarta kwanaki kafin ta iso. Namu hadarin ba ya ba da wannan sarari. Shi ya sa ni a wurina kariya hawa uku ce, kuma kwantarwa ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba.

Ta farko, injin ya iya kare kansa ko ba kowa a gida. Ku koma lissafin ɗazu. Iskar da ta tashi daga mita 10 a sakan ta kai 30, ƙarfin turinta a kan fanka da bututu ya ninka sau 9, ƙarfin da take son cusa wa injin kuma ya ninka sau 27. Ba koyil ɗin da zai shanye wannan bai ƙone ba. Dole fankar ta kauce.

Lawal Mai Walda:
Bari in karɓa daga nan Injiniya, don wannan aikin hannuna ne. Dabarar a wutsiya take, wato faifan da ke bayan injin, mai sa fanka ta fuskanci iska. Ba a ɗora fankar daidai tsakiyar bututu, ana gusar da ita gefe kaɗan, 'yan santimita. Saboda haka kullum iska na neman ta juya ta gefe. Abin da ke hana ta juyawa wutsiya ce. Ita kuma wutsiyar ba a walde ta ƙam, ana rataya ta ne a wani gajeren bututu da aka karkata, yadda in za ta naɗe sai ta hau sama, nauyinta ya yi ta jawo ta ƙasa. Iska madaidaiciya, nauyin wutsiya ya fi ƙarfi, fanka na fuskantar iska. Iska ta yi yawa, turin ya rinjayi nauyin, sai fankar ta ba iska kafaɗa, kamar yadda mutum ke yi in ƙura ta taso masa a hanya. Iska ta lafa, wutsiya ta sauko da kanta, fanka ta dawo. Ba sifirin, ba lantarki, nauyi ne kawai.

Wurin da ake kuskure: a ga injin yana kaucewa da wuri, sai a ƙara wa wutsiya ƙarfe don a samu ƙarin wuta. Ranar hadari sai ta ƙi naɗewa. Wutsiya mara nauyi asararta wuta kaɗan, mai nauyi asararta injin gaba ɗaya. Kuma a sa matokari, kada wutsiya ta naɗe har ta shiga cikin fukafukai.

Yawancin na kwali da nake gani wutsiyarsu a haɗe take da jiki, ba ta motsi. Alhaji Nura, ka kama wutsiyar wanda aka nuna maka ka gwada, in ba ta lanƙwasa ka tambayi mai sayarwa da me yake kare kansa.

Aminu Mai Sola:
Tunda an nace sai an yi, to ga abin da ya shafi ɓangarena, kuma shi ne na fi jin tsoro. Kada wanda ya haɗa injin iska da kwantirolar sola. Kwantirolar sola in batir ya cika yanke layi take yi, fanel kuwa ko a jikinsa. Injin iska in aka yanke masa layi, nauyin da ke riƙe shi ya tafi, sai ya zabura da gudu har fiffike ya fita. Tasa kwantirolar daban ce: in batir ya cika sai ta karkatar da wutar zuwa wani abin da zai cinye ta, galibi ƙarfen hita. Kuma hitar ta kasance za ta iya shanye duk abin da injin zai iya bayarwa. Kada a sa ƙwan fitila a wannan wurin, in ya ƙone shi ke nan layi ya yanke.

Ga kuma batirin litiyom da kowa ke saye yanzu. Yana da na'ura a cikinsa da ke katse caji da kanta in ya cika ko wuta ta yi masa yawa. Ku duba lokacin da hakan zai faru: da la'asar, sola ta wuni tana cika batir, sai ga hadari. Daidai lokacin da injin ya fi bukatar abin da zai riƙe shi, daidai lokacin batir zai sake shi. Wanda zai haɗa da litiyom ya tabbata kwantirola na karkatar da wuta tun kafin batir ya kai ga katsewa.

Injiniya Bishir:
Madalla da wannan, Aminu. Ita ce rabin kariya ta farko.

Ta biyu birki. Wayoyi uku ne ke saukowa daga injin. In ka haɗe su ukun wuri ɗaya da makunni mai ƙarfi, injin ya yi tauri, fankar ta koma juyi a hankali. Sharaɗi biyu. Makunnin ya kasance tsakanin injin da diyod ɗin da ke mayar da wutar irin ta batir, in aka sa shi ta ɓangaren batir gobara ce. Sannan a taka shi tun iska ba ta yi ƙarfi ba. In fanka ta riga ta ɗauki gudu cikin babbar iska, wani injin birkin ba zai tsayar da shi ba, sai dai duk ƙarfin ya koma zafi cikin koyil. Maganaɗisun da aka fi amfani da su ma in zafi ya wuce digiri 80 ƙarfinsu raguwa yake yi, ba ya dawowa.

Malama Hadiza:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ina ta karantawa, kowa na cewa a taka birki, a kwantar da bututu. Wa zai taka? Hadarin farkon damina yawanci da yamma yake zuwa ko cikin dare. Maigida yana kasuwa ko masallaci, ko yana cikin gari gidan gona na bayan gari. Waɗanda ke wurin su ne mata da yara da yaron da ke ba kaji ruwa. A wannan lokacin uwar gida tana kwashe shanya, tana kora awaki, tana neman yaran da suka fita. In makunnin yana gindin bututu, kun aika ta ƙarƙashin ƙarfe mai tsawon mita 12 ana walƙiya. Ni ban yarda da wannan ba.

A sa shi cikin ɗaki, kusa da ƙofa, inda hannun mace zai kai ba sai ta taka kujera ba, a shafa masa jan fenti, a nuna wa kowa na gidan. Kuma ina so a gaya mini, in fiffike ya ɓalle, ina zai faɗa?

Injiniya Bishir:
Malama, tambayarki ta fi duk lissafin da na yi muhimmanci. Bakin fiffike yana gudu kamar sau shida na gudun iska. A iska mai mita 10 a sakan, ya haura kilomita 200 a awa ke nan. In ya ɓalle zai iya yin nisa sosai, kuma ba mai iya cewa ga inda zai sauka. Don haka mafi ƙaranci, tazarar bututu da ɗakin kwana, da turken dabbobi, da wayar lantarki, da hanyar da mutane ke bi, ta wuce tsawonsa da kyau, kuma duk abin da aka ƙara alheri ne. Tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa, ni zan fi so bututun ya kasance yamma da ɗakuna, in ma ya faɗi ya faɗi can waje.

Baba Isiyaku Rimi:
Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Alamun kuma a koya ma yara. Yini ya yi zafi mai cin rai, iskar da ta wuni tana busowa daga kudu maso yamma ta ɗauke ɗif, ganye ba ya motsi, gabas ta yi baƙi, ƙasanta ya yi ja saboda ƙura. To wannan shirun shi ne lokacin birki. Da ka ji sanyin iska ya bugi fuskarka, an gama, shiga ɗaki. Kuma ku sani iskar ba daga inda ta wuni take dawowa ba, ta bayan fankar za ta zo.

Lawal Mai Walda:
Wannan juyin da Baba ya faɗa shi ke karya injina. Fanka na gudu, a fizge ta ta juya baya gaba ɗaya, fukafukai su lanƙwasa su doki bututu. Shi ya sa nake barin tazara mai kyau tsakanin bakin fiffike da bututu, kuma fankar da aka riga aka taka wa birki wannan fizgar ba ta yi mata komai.

Amma ni fa Injiniya ban gamsu a bar shi sama ba. Ra'ayina, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni a kwantar da shi kawai. Iskar da ta fi ɓarna ta farkon damina ce, ƙasa a bushe, ba ciyawa ba shuka. Sola ta riƙe gida wata ɗaya da rabi. A lokacin a buɗe boris a wanke ƙurar hunturu a sa sabon giris, a duba bakin fukafukai da yashi ya goge a sake fenti, a ɗaure noti. Dama dole a sauke shi sau ɗaya a shekara, to a haɗa gyara da gudun hadari.

Injiniya Bishir:
Saukewa don gyara kafin damina, mun haɗu a kai. Barinsa kwance wata ɗaya da rabi ne ban goyi baya ba. Hadari mai iska yana zuwa a Yuli, yana zuwa a Satumba wajen ɗaukewar ruwa. Injin da ba zai iya tsayawa a Yuni ba, ba abin da zai tsayar da shi a Satumba. Tun ran gini ran zane: in wutsiya da kwantirola da turakun wayoyi sun yi daidai, a bar shi ya yi aikinsa. In ba su yi ba, bai kamata a ɗaga shi ko da rani ba.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne mutum ya ga gabas ta haɗe sannan ya tara yara a fara sassauta waya. Bututun da ke rabin hanya, wayoyi a sake, shi ne mafi haɗari. Saukewa aikin safiya ce mai lumana, da gajeren bututun da ake jingina jan a kansa, da abin naɗe waya na hannu, ba kowa a inda zai kwanta.

Lawal Mai Walda:
A kan wannan na ƙarshe ba gardama. Na farkon kuwa ina nan kan bakana, ni na sha ganin abin da Yuni ke yi wa ƙarfe.

Turakun wayoyin ma a kula. Ƙasar Daura jigawa ce. Rodin da ka buga da rani ka ji shi ƙam, ruwan farko in ya jiƙa yashi da hannu za ka zare shi. A haƙa rami mai zurfi a zuba kankare, nisan kowane daga gindin bututu kamar rabin tsawon bututun. Kowane bakin waya maɗauri uku. Bayan ruwan farko mai ƙarfi a zagaya a taɓa kowace waya. A kuma kewaye su da ƙaya ko shinge, don shanu na son soshe jiki da su.

Usman Ɗalibi:
Tsawa fa? Dogon ƙarfe shi kaɗai a fili.

Aminu Mai Sola:
Sai an ba ta hanya zuwa ƙasa. Sandar jan ƙarfe a gindin bututu, a haɗa da waya mai kauri, wayoyin riƙo su ma kowace a haɗa ta da ƙasa. Wayar da ke zuwa ɗaki a binne ta, a sa abin kare tsawa kafin kwantirola. Ƙasarmu busasshiya ce, sanda ɗaya ba ta cika isa ba, a ƙara, a kai inda ke da danshi. Gishirin da ake zubawa a ramin yana taimakawa da farko amma yana cin ƙarfe, don haka a riƙa tonawa ana dubawa. Duk da haka in aradu ta faɗo kai tsaye za ta iya ƙona inbata. Kada kowa ya taɓa waya ko bututu ana tsawa.

Nura Daura:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa na kwalin, na fasa rufi. Bana batir zan ƙara. Amma maganar wutar dare lokacin sanyi tana raina, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na rage wa sola ƙarfi, iska kuma a lokacin ta fi kaɗawa. Baba Lawal, in Allah ya kai mu kaka, za ka iya zuwa ka ga filin?

Injiniya Bishir:
Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, a ɗaga ma'aunin iska a wurin, a tsayin da fankar za ta zauna, ya yi hunturu guda yana rubutawa. In matsakaicin gudun bai kai mita 4 a sakan ba, a bar maganar. Ina da ƙarami, zan ba da aro.

Malama Hadiza:
In za ku je, ku tafi da yaron da ke kwana wurin kajin, a yi komai a gabansa.

Lawal Mai Walda:
In sha Allahu bayan an yanke gero. Alhaji ka auna mini daga ɗakin da yaron ke kwana zuwa iyakar filin ta yamma, ka kuma gaya mini itace mafi tsawo da ke kusa, in san tsawon bututun da za mu nema.